Ciki Bayan Shekara 35 a Gundumomin Magarya da Dungas: Haɗuwar Shekaru da Yawan Haihuwa

Likitocin mata suna sanya mai ciki a rukunin masu manyan shekaru idan za ta haihu tana da shekara 35 ko fiye, kuma yawancin binciken da aka gina wannan ma'auni a kai an yi shi ne a Turai da Amurka, inda sau da yawa ake nufin macen da ta jinkirta haihuwar fari. Lamarin ya sha bamban a ƙasar Nijar, a Magarya da Dungas, wadda aka cire daga Magarya ta zama gunduma a 2011. Binciken lafiyar al'umma na Nijar na 2012 ya nuna cewa kashi 76 cikin 100 na mata suna aure kafin shekara 18, kuma kowace mace tana haihuwar ƴaƴa 7.6 bisa matsakaicin lissafi, don haka mai shekara 35 a nan galibi ta riga ta wuce haihuwa biyar, adadin da shi kansa likitoci ke ɗauka a matsayin haɗari na daban.

Shekaru suna ƙara yiwuwar hawan jini na ciki, wanda kan kai ga jijjiga, da ciwon sukari, da ɓari, da mutuwar ɗa a ciki. Yawan haihuwa kuwa yana gajiyar da tsokar mahaifa, ta yadda bayan mabiyiya ta faɗo ba ta tsukewa da ƙarfin da zai toshe jijiyoyin jini, kuma macen da ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro da haihuwar kwanika suka riga suka raunana tana iya rasuwa cikin awa biyu idan jini ya ɓalle ba a kai mata ɗauki ba.

Abin da ya fi tsananta lamarin shi ne yadda ake kallon irin wannan mace. Hankalin dangi da na shirye-shiryen lafiya ya fi karkata ga mai cikin fari, saboda doguwar naƙuda da yoyon fitsari, ita kuwa babbar mace ana cewa ta saba. Wata ma tana jin nauyin zama layin awo tare da ƴarta ko surukarta, sai ta durƙusa a ɗaki ita kaɗai, a kira ungozoma don yanke cibi kawai. Gwamnatin Nijar ta mayar da tiyatar haihuwa kyauta tun 2005, awon ciki kuma a 2006, amma kuɗin mota da lalacewar hanya a damina suna nan, kuma makarantun mazaje da aka fara a jihar Damagaram da tallafin hukumar UNFPA ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun taso ne domin izinin fita yana hannun maigida.

Akwai kuma matsalar ƙidaya. Mata da yawa a karkara ba su da takardar haihuwa, don haka shekarun da ake rubutawa a katin awo ƙiyasi ne, alhali kowace mace ta san adadin cikin da ta ɗauka da ƴaƴan da ta binne. Wannan adadi ya fi cancanta ya zama ma'aunin da ungozomar asibiti za ta dogara da shi wajen tura mace babban asibitin gunduma tun kafin naƙuda ta kama.