Wasiƙa Ta Iso Maiduguri, Saura Ƙauye

A 1936 jirgin saman Imperial Airways ya fara sauke wasiƙu a Maiduguri, a hanyarsa daga Khartum zuwa Kano. Jirgin ƙasa kuma ya iso a 1964. Sai dai saurin wasiƙa a gidan waya yake ƙarewa. Mutumin ƙauyukan Konduga ko Monguno yakan ari akwatin gidan waya na wata makaranta ko na ɗan'uwa a birni, direban tasha ya ƙarasa masa da ita. An kafa NIPOST a 1985, salula ta zo a 2001, rubuta wasiƙa ya ja baya. Da aka katse layukan waya a Borno a 2013, direbobin nan dai aka koma roƙo su kai saƙo gida.