Bakolori Da Mu: Aikin Da Ke Ɗorewa Shi Ne Mai Masu Shi



Duk wadda ta taɓa sayen shanshera a kasuwar Talata, ta jiƙa, ta yi gumi, ta shanya, ta kai inji, to ruwan Bakolori ya bi ta hannunta, ko da ba ta taɓa zuwa bakin dam ɗin ba. Da yawa cikinmu da ribar wannan shinkafa muke zubin adashe. Tunda bana ƙungiyarmu na bikin zagayowar shekara, kuma ana ta shawarar wane aikin unguwa za mu tallafa wa, wane za mu yaba, na ga ya dace mu waiwayi aiki mafi girma da aka taɓa yi a ƙasarmu, mu ga abin da ya bar mana na darasi.

A 1969 masana na hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya sun ba da shawarar a yi ɗan madaidaicin dam a kan Gulbin Sakkwato, kusa da Talata Mafara. Sai kuɗin man fetur ya shigo, ido ya buɗe, gwamnatin soja ta lokacin ta zaɓi babba. Aka ba kamfanin Impresit na ƙasar Italiya kwangila, aikin na ƙarƙashin Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima. An fara a tsakiyar shekarun 1970, aka gama ginin dam ɗin a 1978. Tsawonsa ya haura kilomita 5, tafkin da ya tara ya cinye kusan hekta 8,000, kuma an tsara a shayar da hekta 23,000 a ƙasashen Mafara, Bakura da Maradun. A takarda, abin gwanin sha'awa: alkama, shinkafa, noma rani da damina, har da 'yar wutar lantarki.

Abin da ba a yi ba shi ne zama da masu ƙasar a tambaye su. Ruwa ya tashi mutane wajen 13,000, aka kwashe su zuwa sababbin matsugunai a ƙasar Maradun, inda gonakin ba su kai na bakin gulbin da suka bari albarka ba. Waɗanda gonakinsu suka faɗa cikin filin ban-ruwa kuwa, aka karɓe don a baje da katafila, wasu suka yi damina fiye da ɗaya ba su yi shuka ba. Aka sare itatuwan amfani. Mu mata mun fi kowa sanin ma'anar wannan: ɗorawa ita ce daddawa, kuka ita ce miya, tsamiya ita ce kunu. Icen da injiniya ke gani a matsayin cikas ga katafila, jarin wata tsohuwa ne.

Can ƙasa da dam ɗin ma an ji a jika. Manoman fadama da suka saba ambaliyar gulbi ta kwanta musu kowace shekara su shuka shinkafa, sai ruwan ya ragu, da yawa suka koma gero da dawa. Masunta ma kamunsu ya ja baya. Su ba a tashe su ba, amma an taɓa tukunyarsu.

Maganar diyya ta yi ta jan ƙafa. Manoma suka kai kuka, suka je kotu, daga baya suka tare hanyoyin shiga wurin aiki. A ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa na tsohuwar Jihar Sakkwato, 'yan sandan kwantar da tarzoma suka far wa masu zanga-zangar, aka harbe mutane, aka ƙona gidaje, musamman a Birnin Tudu. Hukuma ta faɗi adadi kaɗan, mutanen yankin suka ce ɗaruruwa ne. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Akwai gidaje cikinmu da har gobe ba a son tada wannan magana, kuma mun fahimta. Amma 'ya'yanmu na da haƙƙin su san cewa shinkafar da suke ci ba a banza ta zo ba.

To, bayan duk wannan, me ya ɗore? Nan ne darasin yake. Kashi mafi girma na filin, wajen hekta 15,000, an tsara shi ne da na'urorin feshin ruwa masu buƙatar famfuna da lantarki da kayan gyara daga waje. Da wuta ta yi wuya, injuna suka lalace, babu mai gyarawa, sai wannan ɓangare ya mutu. Wanda ya rayu shi ne ƙaramin, inda ruwa ke gangarowa da kansa ta kanal, wanda manomi da shebur da fartanya zai iya yashewa. Shi ma da aka bar shi ba mai kula, yashi da ciyawa suka toshe shi, na ƙarshen layi ya riƙa kwana yana jiran ruwa.

Da aka zo gyara a ƙarƙashin shirin TRIMING, wanda Gwamnatin Tarayya ta fara da rancen Bankin Duniya a 2014, ɗaya daga cikin ginshiƙansa shi ne ƙungiyoyin masu amfani da ruwa: manoma su haɗu, su zaɓi shugabanni, su tara kuɗin ruwa, su kula da ƙananan kanal da kansu. Kun ji fa. Bayan shekara talatin da wani abu, an dawo kan abin da kakanninmu ke kira gayya, mu kuma muke yi kowane mako da sunan adashe.

Me ya haɗa wannan da unguwanninmu na yau? Garuruwanmu suna cika fiye da yadda aka shirya musu. Tun da aka ƙirƙiro Jihar Zamfara a 1996, Mafara ke ta faɗaɗa: ga babbar hanyar Gusau zuwa Sakkwato, ga ɗaliban Kwalejin Abdu Gusau, ga kasuwa. A 'yan shekarun nan kuma rashin tsaro ya koro 'yan uwanmu daga ƙauyuka zuwa Mafara da Bakura da Maradun, mafi yawansu mata da yara. Gidan da ke da mutum goma ya koma ashirin. Layin jarkoki a bakin burtsatse ya ƙaru, kwata na cika da leda, ruwan sama ɗaya sai ya shigo ɗaki. Ayyuka za su zo, daga gwamnati, daga 'yan siyasa, daga ƙungiyoyin agaji, kuma muna maraba da su. Amma kowaccenmu ta san burtsatsen da aka buɗe da kiɗa da hotuna, bayan wata shida famfo ya tsaya, aka rasa wanda zai sayo abin da bai kai kuɗin buhun shinkafa ba, don ba a taɓa cewa ga mai shi ba.

Don haka shawarata ga kwamiti ita ce, kada mu ba da yabo ko tallafi don girman aiki ko sabunta fentinsa. Mu tambaya: an zauna da matan da za su yi amfani da shi kafin a fara, har da baƙinmu masu gudun hijira? Akwai wadda aikin zai taɓa wa sana'a ko fili, kuma an sallame ta? Idan ya lalace, wa ke riƙe da asusun gyara, kuma makanikin garin nan zai iya? Matan layin da ke tara naira hamsin-hamsin don kada famfonsu ya kwana a lalace, da waɗanda suka haɗa kuɗi suka sayi babbar tukunyar gumi suna karɓa-karɓa, da matasan da ke yashe kwata kafin damina, su ya kamata a kira gaban taro a ce an gode. Aikinsu ba ya shiga rediyo, amma shekara biyar masu zuwa za ki same shi yana nan.

Ga 'yan matanmu kuma: ku zauna da Inna da Kaka tun suna raye, ku tambaye su yadda garinsu yake kafin ruwa ya zo, ku rubuta. Allah Ya ba ƙasarmu zaman lafiya, Ya mayar da kowa gidansa, Ya sa albarka a zubinmu. Amin.