Babban Birki a Bayan Tsohon Rim: Nazari a Kan Porsche 911

A shekarar 1966 kamfanin Porsche ya fito da samfurin 911S a kan wani rim na alminiyom mai ganye biyar, ƙirar kamfanin Otto Fuchs da ke garin Meinerzhagen a Jamus. Ba narka ƙarfen aka yi aka zuba ba, matse shi aka yi da ƙarfin inji har ya ɗauki siffa, shi ya sa ya zo da ƙwari ba tare da nauyi ba. Girmansa inci 15 ne, faɗinsa inci 4.5. An yi ta ƙara masa faɗi, daga baya aka yi mai inci 16, ya kuma zauna a ƙafar 911 har zuwa 1989. Yau masu waɗannan motoci ba sa yarda su rabu da shi, don idan aka cire shi motar ta tashi daga kamanninta, darajarta a kasuwa ma ta ragu. Amma sun ƙara wa inji ƙarfi, sun sa tayoyin zamani masu kama ƙasa fiye da na da, wasu kuma suna kai motar filin tsere a ƙarshen mako. Birki na neman ƙari, alhali wurin da zai zauna an riga an yanka shi tun shekaru arba'in zuwa hamsin da suka wuce.

Kafin a shiga batun awo, sai an tsai da magana a kan abin da ake nema. Mutane da yawa sun ɗauka babban birki shi ke rage nisan da mota za ta ci kafin ta tsaya. A taka ɗaya, birki na sanyi, ba haka abin yake ba. Duk birkin da zai iya ɗaure taya ta daina juyawa ya riga ya kai iyaka. Abin da ya rage tsakanin roba da kwalta ne. Birkin 911 na asali, idan yana da lafiya, yana ɗaure tayoyinsa ba tare da wahala ba. Don haka wanda ya ninka girman kalifa, wato abin nan da ke matse faifan birki ta gefe biyu, bai rage ko taku ɗaya ba muddin tayar ita ce dai ta jiya.

Inda gizo ke saƙar shi ne zafi. Aikin birki mai da gudu zafi ne, kuma zafin ba ya tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudun: idan gudu ya ninka sau biyu, zafin da za a zubar ninkawa yake sau huɗu. A ɗauki mota mai nauyin kilo 1,200 da za ta sauko daga kilomita 160 a awa zuwa 60 a bakin kwana. Makamashin da birki zai haɗiye ya kai kimanin jul miliyan ɗaya, wanda ya isa ya tafasa ruwa lita uku, kuma cikin 'yan daƙiƙu ake zuba shi. A ce kashi 60 cikin ɗari ya faɗa kan fayafayan gaba biyu, kowanne mai nauyin kilo 6 na zubin ƙarfe. Kilo ɗaya na irin wannan ƙarfe yana shan kusan jul 460 kafin zafinsa ya hau digiri ɗaya. Lissafin ya nuna taka ɗaya tak zai ɗaga zafin faifan da fiye da digiri 100. A kan hanya wannan ba komai ba ne, don kafin a sake takawa iska ta kwashe shi. A filin tsere, ko a gangaren dutse mai kwana-kwana, taka na biyu na zuwa kafin na farko ya huce, na uku ya hau kansa, a haka har a kai inda wani abu zai sare.

Abu biyu ne ke sarewa, kuma direba mai lura yana bambance su da ƙafarsa. Idan fad ne, wato abin da kalifa ke manna wa faifai, ya wuce zafin da aka yi shi dominsa, feda tana nan da tauri amma motar ba ta jin birki. Idan kuwa man birki ne ya tafasa a cikin kalifa, fedar ce ke yin laushi ta nutse, saboda tururi yana matsuwa, mai kuwa ba ya matsuwa. Ƙa'idar Amurka da duniya ke bi ta ce sabon man DOT 3 kada ya tafasa ƙasa da digiri 205, na DOT 4 digiri 230, na DOT 5.1 kuma digiri 260. To amma waɗannan mayuka suna zuƙar danshi daga iska. Da sun sha ruwa kimanin kashi 3.7 cikin ɗari, sai ma'aunin ya sauko zuwa 140 da 155 da 180. Motar da ta yi shekara biyar ba a juye mata man birki ba ta yi asarar digiri da dama ba tare da an taɓa ko noti ɗaya ba. A ganina rabin waɗanda ke neman babban birki sabon mai da fad mai jure zafi kawai suke bukata, sai dai ba wanda ke son a gaya masa cewa maganin ciwonsa mai araha ne.

Ga sauran rabin, rim ne ke yanke hukunci, kuma ta fuska biyu yake yanke shi. Ta farko ita ce da'irar ciki. Inci 15 milimita 381 ne, inci 16 kuma 406, amma wannan awon wurin da bakin taya ke zama ne, ba fili ne na birki ba. A cire kaurin ƙarfen, a cire kwarin nan na tsakiyar rim da ke ba da damar sa taya da cire ta, abin da ya rage ya ragu sosai. A cikinsa ne faifai zai juya, kuma gadon bayan kalifa, wanda ya haye bakin faifan, shi ma sai ya samu wuri. Ta biyu ita ce tazarar da ke tsakanin fuskar kalifa da bayan ganyen rim. Kalifa mai fistin a gefe biyu tana da kumatu da ke turowa waje, kuma sau da yawa a nan ake karo, ba a da'ira ba. Shi ya sa rim biyu masu inci 16 za su iya bambanta: ɗaya ya hau lafiya, ɗaya ya ƙi, saboda faɗinsu da zurfin fuskarsu ba ɗaya ba ne.

Tarihin motar kanta ya nuna yadda injiniyoyin Porsche suka bi da wannan ƙunci, kuma ya fi duk wata tallar masu sayar da kaya ilmantarwa. Samfurin 911 SC na 1978 zuwa 1983 yana da faifan gaba mai girman milimita 282 da kaurin 20. Da Carrera 3.2 ta zo a 1984 da inji mafi ƙarfi, ba su ƙara girman faifan ba. Kaurinsa suka kai 24, suka faɗaɗa kalifa don ta haɗiye shi. Milimita huɗu abu ne da ido zai raina, amma ya ƙara ƙarfen da ke shan zafi, ya kuma ba iskar da ke ratsa tsakiyar faifan hanya. Wato da bango ya tare su ta sama, sai suka yi gefe. A Turbo ne suka yi babban tsalle. Ta farko, mai lita 3.0, ta fito da birki irin na 'yan'uwanta, aka yi ta kuka da shi. A 1978, tare da inji mai lita 3.3 da ƙarfin doki 300, aka ba ta birkin da ya samo asali daga motar tsere 917: kalifar alminiyom mai fistin huɗu da haƙarƙari a jikinta don fitar da zafi, faifan gaba mai milimita 304 da kaurin 32, na baya 309 da 28. Wannan mota a kan rim mai inci 16 ta zo. Daga 282 zuwa 304 ƙarin bai kai kashi 8 cikin ɗari ba. Daga kauri 20 zuwa 32 kuwa kashi 60 ne. Ko a nan ɗin, kauri ne ya yi yawancin aikin.

(Wanda ya lura faifan baya ya fi na gaba girma bai yi kuskuren karatu ba. Birkin hannu na 911 ɗan ƙaramin ganga ne da ke ɓoye a tsakiyar faifan baya, shi ke cin wuri. Inji ma a baya yake, kusan kashi 60 na nauyin motar na kan tayoyin baya, don haka suna ɗaukar rabo mai tsoka na aikin tsayawa, ba kamar mota mai inji a gaba ba.)

Birkin Turbo na da tsada kuma ba ya hawa sai an yi gyare-gyare, don haka hanyar da ta yi farin jini ita ce ɗauko kalifar Boxster ta farko, wadda ta fito a 1996, a ɗaura ta da ƙarfen mahaɗi a kan faifan Carrera mai kaurin 24. Tana da abin yabo. Alminiyom ce dunƙule guda, ta fi tsohuwar kalifar ƙarfe sauƙin nauyi, kuma duk nauyin da aka rage a ƙafar mota yana taimaka wa taya ta bi ƙasa. Ba ta buɗewa idan an matsa, fad ɗinta ya fi faɗi, yana kuma cinyewa daidai. Sai dai faifan shi ne dai na da. Rumbun ajiye zafi bai ƙaru da ko giram ɗaya ba. Wanda matsalarsa faifai ne ke yin shuɗi yana tsagewa zai kashe kuɗi, fedarsa ta yi daɗi, ƙafar motarsa ta yi kyau a ido, sannan ya sake haɗuwa da matsalarsa a zagaye na shida.

Akwai kuma lissafin da ba a gani daga waje, wanda ya fi na awo haɗari. Tsohuwar kalifar gaba tana da fistin mai milimita 48 a kowane gefe, faɗin fuskarsa kusan murabba'in milimita 1,810. Ta Turbo tana da biyu masu 38 a kowane gefe, jimilla kusan 2,270. Ta Boxster, mai 36 da 40, kusan haka take. Ƙarin ya kai rubu'i. Ma'anarsa biyu ce. Na ɗaya, kalifar tana bukatar ƙarin mai kafin ta cika, don haka feda za ta yi nisa kafin birki ya kama, sai fa an canza masta, wato famfon da feda ke turawa ya aika mai zuwa kalifa. Ba banza ba Porsche ta sa wa Turbo masta mai milimita 23.8 a maimakon 20.6 na SC da Carrera. Na biyu, idan gaba kaɗai aka taɓa, rabon aiki ya karkata can. Tayoyin gaba za su ɗaure tun na baya ba su ba da abin da suke iya bayarwa ba, nisan tsayawa ya ƙaru maimakon ya ragu. Gyaran gangar auzinawa ke nan. Idan kuma aka wuce gona da iri a baya, abin ya fi muni: tayoyin baya su riga ɗaurewa, gindin mota mai ɗauke da inji ya nemi wuce kanta. Ba na'urar da za ta ceci direba, domin sai da samfurin 964 ya zo a 1989 sannan 911 ta samu na'urar hana taya ɗaurewa. Carrera 3.2 ma, da aka ƙara mata fistin baya daga 38 zuwa 42, sai da aka haɗa mata da bawul mai rage ƙarfin man da ke zuwa baya idan an taka da ƙarfi.

Idan kalifa ta taɓa ganyen rim, dabarun da ake yi biyu ne. Wasu na sa faranti tsakanin cibiyar ƙafa da rim don a turo shi waje. Milimita kaɗan ba laifi muddin an sa kusoshi masu tsawon da noti zai samu isasshen zare. Idan ya yi yawa, boris zai ɗauki nauyin da ba nasa ba, sitiyari ya soma fizga idan an taka birki a hanya mara daidai, taya kuma ta goge bakin bodi. Wasu kuma na goge jikin kalifar da injin wasa ƙarfe. Share ɗan tudun zubi abu ne da ake yi, amma a bayan wannan fata akwai hanyoyin mai da kuma ƙarfen da ke hana kalifar buɗewa, ba kuma alamar da ke nuna inda ya kamata hannu ya tsaya.

Ba 911 kaɗai ke cikin wannan hali ba. Masu Mazda MX-5 ta farko sun yi sa'a: faifan gaba mai milimita 255 na samfurin lita 1.8 yana maye gurbin mai 235 na lita 1.6 a bayan rim mai inci 14, kuma kamfanin ne da kansa ya daidaita gaba da baya. Masu Datsun 240Z sun daɗe suna aro kalifa mai fistin huɗu daga a-kori-kurar Toyota, suna gamuwa da wannan lissafi na masta da rabon aiki.

A Jamus, inda motar ta fito, doka ma ta sa baki. Taɓa birki ba tare da amincewar masu duba lafiyar mota irin su TÜV ba na iya soke izinin motar na hawa titi. Lambar tsofaffin motoci mai harafin H, wadda aka soma bayarwa a 1997 ga motar da ta cika shekara 30, tana karɓar gyaran da ya dace da zamanin motar ne. Ta wannan fuska birkin Turbo na 1978 a kan SC yana da hujjar da kalifar 1996 ba ta da ita, ko da kuwa ta biyun ta fi sauƙin samu.

Kanikawan da suka san aikin ba sa sayen komai sai sun gwada. Sukan yanka kwali daidai siffar faifai da kalifa, su kifa rim a ƙasa, su ɗora kwalin daga cibiya su duba ko'ina, suna neman ratar da ba ta gaza milimita 3 ba, saboda ƙarfe na kumbura da zafi kuma rim na ɗan lanƙwasawa a kwana. Bayan an ɗaura, sukan liƙa ɗan yumɓu a gadon bayan kalifa, su sa rim, su juya shi da hannu, su cire su auna abin da ya saura. Sai a duba darmar daidaita taya da ake mannawa a cikin rim, don ita ce ke fara gogar kalifa idan an sa ta a layin da bai dace ba. Sannan a gwada safaya. Siririyar tayar da ke kwance a gaban 911 an yi ta ne don birkin asali, kuma babu tabbacin za ta hau kan wanda ya fi shi.