Silin Ɗin Fijo da Masu Ɗinkinsa a Hanyar Ƙaura

Da layin dogo daga Zariya ta Gusau ya iso Ƙaura Namoda a 1929, nan ya tsaya, bai ƙara gaba ba har yau. Wannan tsayawar ce ta ba mota muhimmanci a arewacin Zamfara. Gyaɗa da auduga da fatu da ake tarawa a Shinkafi da Zurmi da ƙauyukan da ke bayansu sai an kawo su tashar jirgi, da farko a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Duk garin da motoci ke kwana kuwa, sana'o'in gyaransu kan kafu a cikinsa: bakanike, mai walda, mai faci, mai fenti. A ƙarshen jerin akwai wanda ba a cika tunawa da shi ba, wato mai ɗinkin kushin, wanda kujeru da ƙyallen rufin mota na ciki suke hannunsa. Direbobi suna kiran wannan ƙyalle silin, kamar na ɗaki.

Aikin bai zo wa ƙasar a matsayin baƙo ba. Dukawa sun daɗe suna yanka fata bisa ma'auni, suna ja, suna ɗinke ta a jikin itacen sirdi. Fatar jar akuyar Sakkwato da aka jeme da bagaruwa ta yi suna a Turai ƙarnuka da dama, sai dai sunan Maroko take ɗauke da shi, saboda ta can fatake ke fitar da ita. A Turai ma daga masu sirdi da masu ƙawata keken doki aka gaji aikin cikin mota, har yanzu kuma Faransawa da sunan mai yin sirdi suke kiran mai wannan sana'a.

Motar da ta fi kowace ba wa masu kushin na Arewa aiki ita ce Peugeot 504, wadda kowa ya sani da Fijo. A 1968 ta fito a Faransa, a 1975 kuma kamfanin PAN ya buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri ta Kaduna, inda aka ci gaba da ƙera 504 shekaru da yawa bayan Faransa ta daina. Tana da 'yar'uwa mai ƙofa biyu da kamfanin Pininfarina na Italiya ya zana, wadda ta ci tseren Safari na Kenya a 1978. Wannan a yau 'yar lele ce a hannun masu tara tsofaffin motoci a Turai, suna kashe kuɗi mai yawa don mayar da cikinta yadda ya fito daga masana'anta. Wadda ta yi hidimar hanyar Ƙaura zuwa Shinkafi ita ce doguwar mai layin kujeru uku, wadda ranar kasuwa ake ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Darajarsu ta bambanta, amma aikin silin ɗinsu kusan ɗaya ne.

A motocin wancan zamani rataye silin yake. Leda ce mai ƙananan huji, an ɗinka mata aljifai a baya, an zura siraran ƙarafa masu lanƙwasa a ciki, bakin kowane ƙarfe ya shiga raminsa a gefen rufi. Gefen ledar kaɗai ake shafa wa gam, a cusa shi ƙarƙashin robar ƙofofi da ta gilasai. Tsakanin leda da ƙarfen rufi akwai sarari da shimfiɗar auduga ko rama mai tare zafi da ƙara. A ƙasar da rana ke iya wuce maki 40 a watan Afrilu, wannan ɗan sarari shi ne ya raba kan fasinja da tanda.

Shi ya sa gwanin aikin ya fi ɓata lokaci wajen shiri fiye da ɗinki. Zai kwance madubi da fitilar tsakiya da abin tare rana da mariƙan hannu, ya zare robar ƙofofi. Sau da yawa sai an cire gilashin gaba da na baya, kuma nan ne mai mota ke fara gardama, domin tsohuwar roba da rana ta busar tana iya tsagewa, gilashi ma yana iya fashewa. Wanda ya ƙi a cire masa gilashi zai samu silin da aka tura gefensa da wuƙa, kafin damina ta zagayo ya saki. Ƙarafan kuwa kowanne da lanƙwasarsa, na gaba ba ya zama a gurbin na baya, don haka ake sa musu lamba kafin a zare su. Tsohuwar ledar, komai yagewarta, ba a jefar da ita, ita ce ma'aunin sabuwa. Sai an kankare busasshen gam sarai, an gyara wayar fitila, sannan a dubi abin da ya ɓoye shekaru: tsatsa. Motar da ta saba ɗaukar buhuna a bisanta rufinta kan lotsa, ruwa ya kwanta, ya ci ƙarfe ta gefen magudana. In ba a kira mai walda a wannan gaɓar ba, sabon silin rufa-rufa ne kawai. A Turai da na'urar hura zafi ake tausasa leda kafin a ja ta. A Ƙaura hantsi ya wadatar.

Sauyi ya zo daga masana'antu. Tun daga shekarun 1970 kamfanoni suka riƙa komawa ga allo guda da aka gasa bisa siffar rufi, aka manna masa yadi mai siririn soso a baya, saboda ya fi saurin sakawa a layin harhaɗawa. Bayan tsarin SAP na 1986 ya karya darajar naira, sabuwar Fijo ta fi ƙarfin ma'aikaci da ɗan kasuwa, motocin Kwatano suka cika tashoshi, kuma da irin wannan silin suka zo. Soson ba ya jure zafi, yakan rube ya zama gari, yadin ya sauko ya kwanta a kan fasinja. Fil da ƙusoshin da ake gani jere a rufin motocin haya magani ne na wannan cuta. Gam ba ya kama garin soso, sai an fitar da allon gaba ɗaya ta ƙofa ko ta but, an goge shi tas, an manna sabon yadi. Aiki ne na goga da gam, ba ya bukatar keken ɗinki, yaron shago kan iya shi cikin ɗan lokaci.

Abin da ya rage na tsohuwar sana'ar kuma rashin tsaro ya taɓa shi. Hanyoyin Zurmi da Shinkafi sun shiga cikin waɗanda 'yan bindiga suka fi addaba, har a 2021 gwamnati ta rufe kasuwannin mako-mako a Zamfara, aka kuma katse layukan waya. Direban da ba ya samun lodin ranar kasuwa taya da birki yake fara tunawa, silin ya jira. Masu kushin da dama yanzu sirdin babur da rumfar A Daidaita Sahu ne ke riƙe da shagunansu, kuma wanda ke da tsohuwar 504 yana son a rataya mata silin kamar na asali, sai ya yi cigiyar dattijon da ya koyi aikin lokacin da Kakuri ke fitar da ita sabuwa.