Tarihin Ofishin da Aka Gina Bisa Koyi da Suri

Duk wanda ya taɓa zaman ofis da bazara ya san abin da zafi ke yi wa aiki. Da rana ta take, sai ka ga gumi na ɗiga bisa takarda, lissafi ya rikice, wanda ya zo da bukata a daka masa tsawa ba da laifin kome ba. Ga shi kuwa ma'aikaci yakan yi awa takwas kullum cikin ɗakin aiki. Saboda haka gina ofis ba maganar ado kaɗai ba ce, maganar lafiyar mutane ce. To, ga tarihin wani gini da aka yi a Afirka, wanda ya sa magina na duniya suka sake tunani kan wannan al'amari.

A zamanin da, in za a gina ofis a ƙasa mai zafi, akan yi shi da bango mai kauri, da rufi mai tsawo, da baranda, da tagogi masu duban juna don iska ta ratsa. Ana nan, cikin 1902, wani injiniya na Amurka, Willis Carrier, ya ƙago injin da ke rage laimar iska, ya kuma sanyaya ta. Wata maɗaba'a ya yi wa a birnin Niyu Yok, don laima na sa takardunsu su motsa, launi ya ƙi zama daidai. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu wannan inji ya bazu cikin ofisoshi. Sai magina suka ga ba su da sauran bukatar kauri ko inuwa, suka shiga tsayar da dogayen gidaje na ƙarfe da gilashi, waɗanda ko taga ba a buɗewa. Gini iri ɗaya aka riƙa yi a ƙasar sanyi da ta zafi.

Cikin 1973 kuɗin man fetur ya tashi ƙwarai, kuɗin lantarki ya bi shi. Don tsimi, masu gidaje suka toshe kowace kafa, suka rage sabuwar iskar da ke shiga, aka bar ma'aikata suna shaƙar wadda suka fitar. Ba a daɗe ba aka fara jin kuka: ciwon kai, ƙaiƙayin ido, kasala, da murar da ba ta ƙarewa. Abin mamaki, da mutum ya bar ofis sai ya ji sauƙi. Cikin 1984 wani kwamiti na Hukumar Lafiya ta Duniya ya ba da rahoto cewa mai yiwuwa ne irin wannan kuka ya shafi har 30 cikin 100 na sababbin gine-gine da waɗanda aka yi wa kwaskwarima. Ashe an gudu ne ba a tsira ba.

Yanzu sai mu nufi Zimbabuwe, wadda dā ake kira Rodeshiya ta Kudu. Ta sami mulkin kai cikin 1980, babban birninta kuwa shi ne Harare. Cikin 1991 kamfanin Old Mutual ya so ya gina babban gidan ofisoshi da kantuna a tsakiyar birnin. Aka ba wani mai zanen gini aikin, sunansa Mick Pearce, haifaffen garin ne, cikin 1938 aka haife shi. Injin sanyaya ɗaki daga waje ake sayo shi da kuɗin waje, in ya lalace kuma a zauna jiran kayan gyara. Don haka aka nemi Pearce ya yi gini wanda zai yi sanyi ba tare da shi ba. Ya haɗa kai da injiniyoyin kamfanin Ove Arup, suka dukufa.

Pearce ya ce ga suri ya samo dabara. Kowa ya san suri, amma kaɗan ne suka san cikinsa. Akwai irin garar da ke noma wata funfuna a ƙarƙashin ƙasa, ita ce abincinta. Cikin surin kuwa hanyoyi ne birjik, manya da ƙanana. A lokacin masana sun ɗauka iska mai ɗumi na tashi ta waɗannan hanyoyi ta fice ta sama, mai sanyi ta shigo ta ƙasa, da haka gidan gara ke zama ba zafi ba sanyi. Pearce ya ce in ƙwaro ya iya, me zai hana mutum?

Ya kuma lura da halin garinsu. Harare bisa tudu take, kusan ƙafa 5,000 sama da teku. Rana takan yi zafi, amma da dare sai sanyi ya sauko. Ya ga cewa in har za a iya kama sanyin dare a ajiye shi, a yi ta cinsa da rana, to, magana ta ƙare.

Ga yadda aka yi ginin, wanda aka sa wa suna Eastgate, aka buɗe shi cikin 1996. Dogayen benaye biyu ne suna duban juna, tsakaninsu fili, an rufe shi da gilashi daga sama, mutane na kai da kawowa a inuwa. Da kankare da bulo aka yi su, don abu mai nauyi ba ya saurin ɗaukar zafi. Tagogin ba su cika girma ba, an kuma yi musu goshi mai fitowa waje, don rana kada ta faɗa ciki kai tsaye, amma haske ya samu shiga. Daɓen kowane hawa ninki biyu ne, da rami a tsakani, cikin ramin an jera haƙoran kankare. A can bisa rufi kuwa akwai bututu 48 na bulo.

Da dare ya yi, sai manyan fankoki su riƙa tura iska mai sanyi cikin ramukan nan, har kankaren ya yi sanyi ƙalau. Da gari ya waye, sai a rage gudunsu. Iskar da ke shigowa ta bi ta kan haƙoran, ta bar zafinta nan, ta fito cikin ofis ta ƙananan kafofi kusa da ƙasa. Sa'ad da ta ɗauki ɗumin jikin mutane da na fitilu, sai ta tashi sama, ta bi bututu ta fice. Watau iskar da ma'aikaci ke shaƙa sabuwa ce koyaushe, ba wadda aka juya aka maido masa ba.

Bisa ga lissafin da masu aikin suka bayar, rashin sayen injin ya rage musu dala miliyan 3 da rabi. Da aka gwada ginin da waɗansu guda 6 na Harare masu injin sanyaya ɗaki, aka tarar ƙarfin da yake ci ya kasa nasu da 35 cikin 100. Kuɗin haya ma ya zo da sauƙi. Labari ya kai nesa, har birnin Malbon na Ostareliya ya gayyaci Pearce, ya taimaka aka gina wa majalisar birnin ofis, aka buɗe shi cikin 2006.

Sai dai akwai wani abin ban dariya a ƙarshen labarin. Cikin 2008 waɗansu masana biyu, Scott Turner da Rupert Soar, waɗanda suka yi binciken suri a Namibiya, suka nuna cewa abin da aka ɗauka dā ba haka yake ba. Suka ce suri kamar huhu yake, aikinsa musanya iska don gara ta yi numfashi. Daidaituwar zafi kuwa yawanci daga ƙasar da ke kewaye da gidan take zuwa. Ashe Pearce ya yi kuskuren fahimtar malamarsa, amma duk da haka ya dace, gama nauyin kankarensa ya yi masa aikin da ƙasa ke yi wa gara.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga wanda ya taɓa shiga soron ƙasa da tsakar rana, irin na Gidan Makama a Kano, ya ji sanyi ya ratsa shi, sa'an nan ya shiga ɗakin kwano ya ji bambanci. Amma kada mai karatu ya zaci za a ɗauko Eastgate a dasa ko'ina. Ƙarfinsa ga sanyin dare yake. A garin da dare ke kwana da zafi, kamar Sakkwato da bazara, tilas a ƙara da wata dabara. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.

Abin koyi shi ne tsarin da aka bi. Kafin a ja layi ɗaya, an tambaya ta ina rana ke bi, yaushe sanyi ke sauka, wane kaya ke samuwa a gida, wa kuma zai gyara in abu ya ɓaci. Wanda duk aka ɗora wa gina ofis, ya kamata ya yi waɗannan tambayoyi tun kafin a haƙa harsashi, ya kuma tuna da akawun da zai yi shekara talatin a ciki.