Taƙaitaccen Tarihin Ƙasar Wurno da Mutanenta

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, mun ga ya dace mu gabatar wa jama'a da manyan baƙinmu da ɗan abin da ya sauƙaƙa na tarihin ƙasar da ake aza wannan harsashi a cikinta, domin mai ba da gudummawa ya san inda dukiyarsa ta sauka.

Garin Wurno yana arewa maso gabas da birnin Sakkwato, a kan wani tudu mai duwatsu da ke leƙen Gulbin Rima. Ƙasar ta yi iyaka da Goronyo da Raba da Kware da Gwadabawa, faɗinta kuwa murabba'in kilomita 685 ne. Iri biyu ce: akwai tudu mai jigawa inda ake gero da dawa da wake a ɗan gajeren damina, daga Yuni zuwa Satumba, akwai kuma fadama, wadda ita ce uwar arzikinmu. A nan ake shinkafa da albasa da tafarnuwa, har fatake su kwasa zuwa kudu. Wanda bai ga fadamar Wurno da rani ba, sa'ad da tudu ya bushe ƙurmus amma gefen gulbi yana kore shar, bai san dalilin da ya sa aka zaɓi wurin nan ba.

Asalin garin ribaɗi ne. Bayan faɗuwar Alƙalawa a 1808, da rasuwar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan sa, a 1817, Gobirawa ba su ajiye makami ba, kuma ta kwarin Rima suke biyowa su kawo hari. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya lura cewa fita yaƙi kowace shekara a komo gida ba ya tsare iyaka. Abin da ke tsare ta shi ne mutane su zauna a kanta, su gina ganuwa, su yi noma, su yi karatu. Ya kafa sansani a Magarya, inda Baturen nan na Birtaniya, Kilafatan, ya zauna tare da jama'arsa a 1826. Ba a daɗe ba ya gina Wurno kusa da nan, ya mai da ita mazauninsa, ya kuma kafa waɗansu ribaɗoɗi kamar Gandi da Lajinge.

Abin lura a nan shi ne Bello bai tara mayaƙa kaɗai ba. Ya jawo Fulani makiyaya su zauna wuri ɗaya, ya kwaɗaitar da su noma, ya sa a ba su malamai masu koya wa 'ya'yansu, ya kawo masu sana'a. Saboda haka har yau idan ka bi zuriyar gidajen ƙasar nan za ka tarar da Fulani da Sulluɓawa da Gobirawa da Adarawa da Zamfarawa, duk aure da harshe sun gama su. A namu ganin wannan aiki ya fi nasarar Gawakuke ta 1836 nauyi, ko da yake ita aka fi ambata, da yake a can ne aka karya rundunar Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Azbinawa.

Bello ya rasu a Wurno cikin watan Rajab na 1253, wato 1837, aka rufe shi a nan, hubbarensa kuma yana nan ana ziyara. Ɗansa Aliyu Babba, wanda ya yi sarauta daga 1842 zuwa 1859, shi ma a nan ya zauna. A zamaninsa ne matafiyin nan Bajamushe, Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarimu, ya sauka garin a 1853. Umaru ɗan Aliyu da Abdurrahman su ma sun fi zama Wurno a kan Sakkwato. Ashe ke nan shekaru da dama daga wannan tudu ake aika wasiƙu zuwa Kano da Zazzau da Bauchi da Adamawa.

Ƙauyukanmu ma ba a bar su a baya ba. Da Nasara suka ci Sakkwato ran 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya nufi gabas da niyyar hijira. A Marnona ne Waziri Buhari da malamai suka zauna suka yi shawara mai ɗaci, suka tsaya a kan komawa domin kada a bar talakawa ba jagora. Tun daga lokacin sarauta ta tabbata a Sakkwato, Wurno ta zama gunduma ƙarƙashin hakimi mai sarautar Sarkin Sudan. Cikin waɗanda suka riƙe ta akwai Alhaji Shehu Malami, wanda ya yi jakadancin Nijeriya a Afirka ta Kudu, ya rasu a 2022. Da aka raba Jihar Arewa maso Yamma a 1976, ƙasar ta faɗo cikin Jihar Sakkwato.

Game da yawan jama'a, ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Wurno mutum 162,307, wato fiye da mutum 230 a kowane murabba'in kilomita. Wannan cunkoso ne ga ƙasar da ruwan samanta bai da yawa. Ba a sake ƙidaya ba tun daga nan, amma duk mai zuwa sallar Juma'a a Wurno ko Achida ya san sahu ya daɗe da fita waje. Gonar da kaka ya noma shi kaɗai, yau jikoki goma ke rabonta, shi ya sa matasa ke tafiya cin rani.

Gulbin da ke ciyar da mu kuma ya sake hali. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Goronyo a 1984, cikar fadama ta koma hannun masu buɗe ƙofa da rufewa. A 2010 ruwa ya yi ambaliya ya cinye gonaki da gidaje a kwarin Rima, kuma lalacewar madatsar Lugu ta bar manoman rani da yawa cikin wahala.

Abu na ƙarshe, kuma mafi nauyi a zukatanmu, shi ne tsaro. A 'yan shekarun nan 'yan bindiga sun addabi gabashin Sakkwato, har suka kashe mutane da dama a kasuwar Goronyo cikin Oktoba 2021. Sharrinsu ya taɓa ƙauyukan Wurno da satar shanu da ɗaukar mutane don neman fansa. Ta kwarin da Bello ya gina ganuwa don ya toshe, ta nan ne tsoro ya sake shigowa. Waɗansu daga cikin waɗanda za su cika sahun wannan masallaci mutanen ƙauye ne da suka baro gonakinsu suka fake a gari, suna jiran ranar komawa.