Bayar da Ƙarin Maki ta Na'ura a Manyan Azuzuwan Intanet: Wa Tsarin Ke Saka Wa a Yankin Saulawa?

Tsakure

Wannan maƙala ta nazarci hanyoyi uku da manhajar koyarwa ke bi wajen ba ɗalibai ƙarin maki ba tare da malami ya duba takarda ba. An auna kowace hanya da halin ɗalibin da ke karatu daga Saulawa da sauran garuruwan Ikara da Maƙarfi da Kudan. An gano cewa biyu daga cikinsu ƙarfin sabis suke aunawa, ɗaya ce kawai ke auna fahimta.

Gabatarwa

A jami'o'in Nijeriya maki 70 ne mafarin darajar A, don haka maki uku kacal kan ɗaga mai 67 daga B. Malamin da ke da ɗalibai ɗaruruwa ba zai iya bin kowa da alƙalami ba, shi ya sa ake miƙa aikin ga na'ura. Buɗaɗɗiyar Jami'ar Nijeriya, wadda aka farfaɗo da ita a 2002, ta daɗe tana ware maki 30 ga gwaje-gwajen da kwamfuta ke dubawa, sauran 70 kuma ga jarrabawa. Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ma tana da cibiyar karatu daga nesa, kuma rufe makarantu a Maris na 2020 saboda korona ya tura malamai da dama zuwa intanet.

Hanyar Nazari

An ɗauki Moodle a matsayin samfuri, manhajar kyauta da Martin Dougiamas na Ostareliya ya fitar a 2002. An bi saitunan kundin makinta da na gwaji, aka gina lissafin misali a kansu.

Yadda Lissafin Yake

A kundin Moodle, idan aka yi wa aiki alamar ƙari, makinsa na shiga abin da ɗalibi ya samu, amma ba ya ƙara jimillar da ake aunawa da ita. A ɗauka gwaje-gwajen zango maki 30 ne, ƙarin kuma 3. Mai 24 zai koma 27. Mai 29 zai tsaya a 30, domin manhajar ba ta barin a haura rufin. Wanda bai yi aikin ba kuwa ba a rage masa komai. A nan lissafin ba shi da aibu. Matsalar tana ga sharaɗin da ake gindaya wa ƙarin.

Tattaunawa

Hanya ta farko ita ce saka wa waɗanda suka riga miƙa aiki. Ɗalibin Samaru da ke zaune kusa da intanet ɗin makaranta zai riga wanda ke Saulawa yana jiran wuta ta dawo ya yi caji. Tseren ya ƙare tun ba a fara ba.

Ta biyu ita ce ƙirga yawan shiga manhaja ko yawan rubutu a zauren tattaunawa. Wannan kuɗin data take aunawa, tana kuma koya wa ɗalibai cika zaure da "na yarda da maganarka". Ɗalibin da ya wuni a gonar rake a Maƙarfi, ko a fadamar tumatir a Ikara, na iya shiga sau ɗaya da dare ya yi karatu mai zurfi, amma ƙirgar ta ajiye shi a baya.

Ta uku ita ce gwajin zaɓi daga rumbun tambayoyi, inda na'ura ke zaƙulo wa kowa tambayoyi daban. Wannan na rage satar amsa. Bugu da ƙari, manhajar Moodle ta waya tana barin a sauke gwaji a amsa shi babu sabis, ya tafi da kansa idan sabis ya dawo, muddin malami ya kunna damar kuma bai sa wa gwajin agogo ba. Cire agogon nan ƙaramin saiti ne, amma shi ke buɗe wa ɗan karkara ƙofa.

Shawarwari

A bar gwajin ƙari a buɗe na aƙalla mako guda. A ƙayyade ƙarin a fili cikin jadawalin kwas tun makon farko, tare da amincewar sashe. Kafin a fitar da sakamako, malami ya duba sunayen da ƙarin ya tsallakar da su daga wata daraja zuwa wata, tunda su ne 'yan kaɗan da idonsa zai iya bi.

Kammalawa

Na'ura tana aiwatar da sharaɗin da aka ba ta a kan kowa ba sani ba sabo, shi ya sa sharaɗin da ya karkata ke cutar da ɗaruruwa a lokaci guda. Malamin da ke saita kwas daga Zariya ya tambayi kansa kafin ya danna maɓalli: shin ɗalibar da ke Saulawa da wayar aro za ta iya samun makin nan uku da iliminta kaɗai?